Ɗakin sana'a zai koma akwati biyu: abin da na rubuta daga Janairu zuwa Afrilu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Takarda ta iso ranar Litinin. Malam, maigidana, ya cika shekara 35 yana aikin gwamnati, saboda haka ƙarshen Afrilu za mu miƙa makullin gidan ma'aikata da muke ciki tun 2003. Gidan da muka gina a bayan Rijiyar Zaki ɗaki biyu ne da falo, sai kicin da ɗan tsakar gida. Alhamdu lillahi, namu ne. Sai dai babu ɗaki na uku, alhali a ɗaki na uku na nan gidan ne na shekara 22 ina ɗinki, ina saƙa, ina koya wa 'yan matan unguwa da la'asar.

Yau na buɗe ɗakin, autata ta riƙe biro, muka ƙirga. Keken ɗinki Butterfly mai ƙafa guda biyu. Injin saƙa ɗaya, Brother, wanda na saya na hannu. Zaren ulu dunƙule 160 da takardarsu, ban da jakar bakko cike da ragowa. Zaren Anchor na ɗinkin hula kwali uku. Atamfa turmi tara, leshi huɗu, guntayen shadda. Robobin duwatsun ado 23. Zif, maɓallai, roba, kwarashi, kibiyoyin saƙa, waɗannan ba mu ma ƙirga ba. Ƙyallaye buhu biyar.

Malam ya leƙo ya ce a kira mai kura a kwashe a raba wa mabuƙata, a huta. Autata ta ce, "Umma, kuɗi ne fa a kwance. Ki bari mu ɗora a waya." Na yanke zan gwada, kuma zan rubuta duk nairar da ta shigo da wadda ta fita. Ƙawayena biyu mazajensu na gab da ritaya, kuma kowacce tana da irin ɗakin nan. Ina so in ba su amsar da na gani da idona kan ko sayar da irin kayan nan ta waya yana biyan wahalarsa.

Talata, 14 ga Janairu

Na kafa wa kaina doka: keke ɗaya da akwatin ƙarfe biyu ne za su bi ni. Abin da bai shiga akwati ba, ko a sayar ko a bayar.

Kafin in yanka farashi na aiki ɗan ƙanwata Sabon Gari da Kantin Kwari ya tambayo min na yau. Da ya karanto min sai da na ce ya maimaita. Yawancin kayan nan na saye su ne kafin Mayun 2023, kafin a cire tallafin man fetur a kuma saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa. A lokacin dala a banki ba ta kai naira 500 ba, yanzu ta haura 1,500, zare da maɓalli da allura kuwa kusan duk daga waje suke zuwa. To kun ga in na sayar da ulu a kan kashi biyu cikin uku na farashin yau, a baki na ci riba kan abin da na biya. Amma kuɗin da zan karɓa ba zai sayo rabin shinkafar da tsohon kuɗin zai sayo ba. Da na fahimci haka sai na rufe tsohon littafin sarina na ajiye. Mai saye ba ruwanta da nawa na biya a 2019. Abin da take aunawa shi ne nawa za ta biya a Sabon Gari gobe, da kuɗin adaidaita zuwa da dawowa.

Hotuna muka ɗauka da hantsi, a inuwar baranda, a kan farin zanen gado. Autata ta ce a ajiye tef ɗin awo a gefen kowane kaya don a san girmansa. Mun ci awa uku, ba mu gama ko ulu ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kwana biyar ke nan ina ɗora ulu a sitatus na WhatsApp. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma waɗanda muke da lambar juna kaɗai ke gani, wato dangi da maƙwabta da tsoffin ɗalibaina. Mutum 87 sun kalla ranar farko. Saƙo ya shigo da yawa, amma rabinsa, "Anti, tashi za ku yi? Ina za ku koma?" Ban ji haushi ba, zumunci ne, na amsa wa kowa.

Ciniki na farko ya zo daga Hotoro. Wata baiwar Allah tana son dunƙule biyu ruwan hoda, za ta ƙarasa hular jariri. Naira 1,200 duka. Da muka tambayi yaron da ke kai saƙo a babur, ya ce 1,500. Ta ce in biya rabi, na ce to me ya rage min? Muka rabu lafiya, ba ta saya ba. Na daɗe ina tunanin wannan. Laifin ba nata ba ne, ba na yaron ba ne, shi ma mai yake saye. Kano gari ne mai faɗi, kuma kayan da bai kai kuɗin motarsa ba, ba kayan waya ba ne.

Daga yau ba na sayar da ulu ɗaiɗai. Na ɗaure su goma-goma, launukan da ke tafiya tare, naira 5,000 ƙulli ɗaya. Mai so ta zo ta ɗauka, ko ta biya kuɗin aike, ko kuma in ƙulli biyu ta saya in ɗauke mata rabi.

Asabar, 25 ga Janairu

Ƙulli bakwai sun tafi cikin kwana shida. Wata tsohuwar ɗalibata ce ta saka ni a guruf na mata masu saƙa, kusan duk cinikin daga can ya fito. Su ba sa tambayar me ake yi da shi, lambar launi suke tambaya. Hunturu ma ya taimaka, kowa na saƙa rigar sanyi da safa.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Keken ɗinki. Wannan sai da muka fita daga da'irar waɗanda suka san ni. Autata ta sa shi a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, da kasuwar Facebook, da lambarta ba tawa ba, kuma ba mu rubuta adireshin gida ba, unguwa kawai. Na sa 95,000, ina da niyyar sallamawa a 85,000.

Ranar Alhamis wani ya kira. Bai nemi ragi ba, bai tambayi ko keken yana tsallake ɗinki ba, bai ce a nuna masa ƙoshiya ba. Ya ce shi ɗan kasuwa ne yana sauri, zai turo kuɗi, zai kuma aiko mai adaidaita. Ba a yi minti ashirin ba sai ga saƙo a wayar autata, an rubuta 95,000 sun shiga, da sunan banki da komai. Ba a jima ba sai ga mai adaidaita a bakin layi. Har na sa yara sun kama keken sun kai zaure.

Malam ne ya ce a dakata. Ya ce wa autata, "Ba saƙo za ki duba ba, buɗe asusun ki ga abin da ke ciki." Ta buɗe, babu ko kwabo. Muka kira mutumin, ya ce matsalar sabis ce, kuɗin na hanya, mu ji tsoron Allah mu bar yaro ya tafi kar ya yi asarar lokacinsa. Malam ya ce masa keken na nan, duk sa'ar da kuɗi suka sauka a zo a ɗauka. Ya kashe waya. Mai adaidaitar bai san komai ba, a titi aka tsayar da shi aka ba shi lamba. Na ba shi 500 saboda zuwan da ya yi.

Daren nan ban yi barci sosai ba. Ba keken ne ya tsaya min a rai ba, a'a, yadda ya ambaci sunan Allah ne a cikin ƙaryarsa. Kuma na gane alamar da na tsallake: duk telan gaske sai ya taya. Wanda bai ce "nawa ne gaskiya?" ba, ba saye ya zo yi ba.

Jiya Asabar telan gaske ya zo daga Kurna, da yaronsa da yake so ya yaye. Ya zo da ƙyallen shadda a aljihu, ya zauna ya taka keken, ya juya ɗinkin ya duba ƙasansa, ya kasa kunne ya saurari ƙara. Ya taya 70,000, na ce albarka. Muka yi ta ja har 85,000, na sallama. Ya tura, muka buɗe asusu muka gani, sannan aka ɗaga keken. Yaron ya durƙusa ya ce, "Mama, a sa mana albarka." Na sa masa, da zuciya ɗaya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An dawo min da ƙulli ɗaya daga Sharaɗa. A hoto ulun ya fito shuɗi mai haske, a hannu kuwa ya fi kusa da ruwan toka. Ta yi gaskiya, na ajiye wayar a gefen zaren na gani. Na mayar mata da kuɗinta, na biya kuɗin aike zuwa da dawowa, 3,000.

Tun daga nan na canza yadda nake yi. Kowane kaya sai na yi masa ɗan bidiyo a rana da kuma a inuwa, in faɗi launin da bakina. In akwai aibi, shi nake fara nunawa: wannan dunƙulen takardarsa ta yage, waɗannan biyun launi ɗaya ne amma ba rini ɗaya ba, in aka haɗa su a riga ɗaya za a ga layi. Tun a Islamiyya aka karantar da mu cewa mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa wa cinikinsu albarka, in suka ɓoye a shafe ta. A kasuwa mai saye na taɓa kaya da hannunta, ta ɗauke miki rabin nauyin. A waya nauyin duka a wuyanki yake, domin ke ce idonta, ke ce hannunta.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Injin saƙa ya tafi Jos.

Da na fito da shi allurai ba sa tsayawa daidai. Na san ciwon: akwai dogon ƙarfe mai soso a ciki da ke danne allurai, in ya shekara a ajiye soson ya narke ya manne. Na kira mai gyara ya sa sabon soso, ya canza allura shida da suka lanƙwashe, ya share ya sa mai, 8,000. Na yi shakkar kashe kuɗi a kan abin da zan rabu da shi, amma da ban gyara ba da sai dai a saye shi a matsayin kayan gyara. Kamfanin Brother ya daɗe da daina ƙera irin wannan injin, shi ya sa mai lafiya yake da daraja a wurin waɗanda suka san shi.

Wadda ta saya tana saƙa rigunan sanyi na 'yan makaranta, a Jos kuwa wannan sana'a ba ta jiran hunturu. Muka yi kiran bidiyo, na saƙa mata layi talatin tana kallo. Muka daidaita a 120,000, ta turo kafin alƙalami 30,000, ta ce sauran sai Laraba. Ranar Talata da dare sai ga wata daga nan Kano, ta ce za ta ba da 140,000 a hannu, ta zo ta ɗauka da kanta, ba tasha ba wahala. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta motsa. Naira dubu ashirin kuɗin fentin ɗaki ne. Amma na riga na ce na sallama, kuma an hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Na ba ta haƙuri.

Aikawar ce aiki. Kwali biyu muka haɗa, muka cusa ƙyallaye ta kowane gefe, muka ɗaure da igiya. Ɗan ƙanwata ya kai tasha tun bayan asuba, ya ɗauki hoton lambar mota da lambar wayar direba ya tura mata, ita ta biya kuɗin mota. Wuni na yi ina duba waya, sai bayan la'asar ta turo hoton injin a kan teburinta. Wannan cinikin, ko kusa ba zan same shi ba in ba ta waya ba. A unguwarmu kaf babu mai neman injin saƙa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Sanyi ya ɗauke, cinikin ulu ya tsaya cak. Ƙulli 11 suka tafi, dunƙule 50 sun yi kwantai. Da tun Disamba na fara da babu ko ɗaya a ƙasa.

Duwatsu kuwa sun gajiyar da ni. Kowace roba sai an yi mata hoto, kowace mai tambaya launi ɗaya take so, cokali biyu ko uku. Mata shida suka saya, jimilla 9,000, cikin sati uku. Waɗanda suka ce "ajiye min zuwa Juma'a" ba su dawo ba sun fi goma. Ga data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 a watan jiya, bidiyo kuwa shi ke shanye ta.

Abin da ba ya shiga lissafi shi ne natsuwa. Saƙo na shigowa ƙarfe sha ɗaya na dare, na shigowa ina kan sallaya. Shekaranjiya Malam yana ba ni labarin abokinsa da ke kwance a asibiti, ni kuma ina amsa wa wata tambayar ko akwai ragi a kan duwatsun 800. Ya yi shiru ya tashi. Na ji nauyin abin ƙwarai. Na sauke hotunan duwatsu gaba ɗaya, na kuma sanar cewa daga magariba ba na amsa saƙon ciniki.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan

Allah ya nuna mana. Tun ranar Litinin na ɗora atamfa da leshi, domin teloli da yawa ba sa karɓar ɗinkin sallah in azumi ya raba. Darasin ulu ya isa.

Laraba, 12 ga Maris

Atamfa bakwai sun tafi ga mata biyar, 119,000. Leshi uku, 75,000. Kusan duka da ƙafarsu suka zo, bayan azahar ko bayan tarawi, domin mace ba ta cika sayen zane ba ta taɓa ba. Waya ta kira su ne kawai, a tabarma aka yi cinikin.

Ɗaya daga ciki zan daɗe ina tunawa. Akwai turmin da na ajiye tun kafin masaƙar UNTL ta Kaduna ta tsayar da aiki a 2007. Na ɗauka tsohon yayi ne, ba mai so, na sa shi ƙasa da saura. Wata Hajiya daga Gwale, sa'ar yayata, ta gan shi a wayar surukarta ta ce a kawo ta. Ta murza bakin zanen tsakanin yatsu, ta karanta rubutun gefe, ta ce, "'Yar'uwa, kin san abin da kike sayarwa kuwa? Wannan auduga ce zalla, irinta na yi fitar biki da ita." Da kanta ta ƙara min dubu uku a kan abin da na faɗa. Mun fi awa muna hira a kan lokacin da unguwar Kakuri ta Kaduna ke cike da ma'aikatan masaƙa, da lokacin da Bompai da Sharaɗa da Challawa ke aiki dare da rana. Mahaifinta ma a masaƙa ya yi aiki.

Zaren Anchor kwali ukun mutum ɗaya ya kwashe, mai ba da aikin hula a cikin gari, 42,000. Da farko na so in rarraba in samu fiye da haka, sai na tuna duwatsu, na sallama masa a dunƙule.

Litinin, 24 ga Maris

Saura turmi biyu da layin ninki ya ci launinsu, leshi ɗaya da aka yanki yadi guda a jikinsa, guntayen shadda, ulu 50, duwatsu, da tarkacen zif da maɓalli. Na tsaya a kansu na rasa ta yi. Maƙwabciyata ce ta ce, "Maman yara, kin manta da Iya ne?"

Wallahi na manta. Iya dillaliya ce, ta haura saba'in, shekara da shekaru tana shiga gidajen unguwar nan da ƙullin kaya a ka. A hannunta na sayi kwallata ta farko. Na aika aka kira ta, ta zo da hantsi duk da azumi, ta zauna ta baje kayan. Ba ta tambayi farashin kasuwa ba. Ta ɗaga turmi mai layi ta ce, "Wannan na san mai shi. Marayu uku take riƙo, in aka yanka musu riguna layin a cikin kalmasa zai ɓace." Ta ɗaga leshin ta ce akwai yarinyar da ba ta da jiki, yadi huɗu ya ishe ta. Duwatsun ta ce akwai gida biyu da ake yin jigida da abin hannu na sallah. Zif da maɓallai ta juye a leda ɗaya ta ce telolin bakin masallaci za su raba.

Ina zaune ina kallonta sai na ga bambancin. Ni na watsa hoto ne ina jiran mai buƙata ya gani. Ita kuwa ta san mai buƙatar tun kafin ta ga kayan, ta san wadda ta ɗauki adashi jiya, ta san wadda za a iya ba wa bashi zuwa bayan sallah. Matan da take shiga wurinsu da yawa ba su da babbar waya, wasu kuma ba sa fita. Duk wata biyun da na yi, ko ɗaya daga cikinsu ba ta ga kayana ba.

Muka yi magana a kan la'ada, kashi ɗaya cikin goma. Na san in ta samu sama da abin da na faɗa nata ne, haka al'adar take, kuma na yarda. Ta ce, "'Yata, ki ba ni zuwa bayan sallah." Jikanta ya ɗauki kayan a baro.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi, Allah ya maimaita mana. Jiya Iya ta dawo da kuɗi ƙulle a bakin zane, 58,000. Ta faɗa min kowane kaya da gidan da ya shiga, ba ta duba takarda ba. Ta cire 5,800, na ƙara mata goron sallah. Ulu 20 ne kaɗai ta dawo da su, ta ce zafi ya hana.

Yau na zauna da littafi.

Abin da ya shigo ta waya 505,000 ne. Abin da ya fita 63,500: data 21,000, kuɗin mota da aike 29,500, gyaran inji 8,000, sai 5,000 na kwali da leda da igiya da naira hamsin-hamsin da banki ya riƙa cirewa duk sanda kuɗin da suka shigo suka kai dubu goma. Ya rage 441,500. Kuɗi ne masu auki a wurinmu, sun biya tankin ruwa da ragar sauro ta tagogi, autata ta yi gaskiya.

Amma da na raba lissafin gida biyu sai ya faɗi wata maganar. Keke, inji, atamfa da leshi sun kawo 399,000 daga hannun mutum goma. Zaren hula 42,000 daga mutum ɗaya, a zama ɗaya. Ulu da duwatsu kuwa 64,000 daga mutum 14, bayan na yi hira da fiye da ɗari, kuma wajen 20,000 na kuɗin aike a kansu ya tafi, haka ma yawancin datar. Su ne suka cinye min sati shida, su ne suka sa na yi wa Malam abin da na yi. Iya kuwa ta miƙo min 52,200 a kan kayan da suka fi waɗannan rauni, cikin kwana goma sha ɗaya, ban ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Na kira ƙawayena biyu na faɗa musu. Duk abin da ya kai dubu goma sha biyar shi kaɗai, ko wanda mai nemansa ba a unguwa yake ba, a sa shi a waya, a lokacinsa, kuma kada ya bar zaure sai an ga kuɗi a cikin asusu. Ƙananan kaya a haɗa su a nemi mai kwashewa gaba ɗaya ko da an yi ragi. In ba a samu ba a kira dillaliya tun ranar farko, ba a ƙarshe ba kamar yadda na yi. Ɗayarsu ta ce ita ba ta da 'ya a gida da za ta riƙe mata waya. Na ce mata to keke da yadi kaɗai za ta ɗora, zan aiko mata autata ta yi mata wuni ɗaya. Ban rubuta aikin yarinyar nan a lissafi ba, amma da ba ita da rabin wannan bai yiwu ba. Na ba ta 30,000, ta ƙi karɓa, sai da babanta ya sa baki.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau ranar bayarwa ce. Ajin matan aure na Islamiyyarmu suna koyon sana'a ranar Asabar, na kai musu ulu 20 ɗin, da jakar ragowar zare, da kwarashi da kibiyoyi, da robobin da duwatsu suka bari. Malamar ta ce abin da ke hana sababbi farawa shi ne kuɗin zaren gwaji, domin ba mai son ɓata sabon dunƙule tana koyo. Ragowar da na ɗauka shara ce, ita suka fi murna da ita. Ƙyallaye buhu uku sun tafi wurin wata bazawara da ke cusa matasan kai da katifun jarirai, biyu kuma wurin mai wankin mota da bakanike na bakin titi.

A ƙasan buhu na ƙarshe na tarar da ƙaramar taskira naɗe a ɗankwali. Mazarin Inna ne, Allah ya jiƙanta, guda uku, da guntun alli, da ɗan zaren da ta kaɗa har yanzu a jikin ɗaya. Ita ta fara ɗora min allura a hannu ina 'yar shekara bakwai, a Bichi. Na zauna a ƙasa na daɗe. Jikata ta tambaye ni mene ne, na nuna mata yadda ake murza shi a tsaye, ta gwada ya faɗi, ta sake.

Akwati na biyu ya riga ya cika. Na fitar da yadin labule da na so in tafi da shi, na sa taskirar a gurbinsa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mun tare ranar Alhamis. Mota ɗaya ta kwashe mu sawu biyu. Keken na falo a gindin taga, akwati ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗaya a bayan ƙofa. Malam ya miƙa makulli jiya.

Na goge tallan da ya rage a Jiji da Facebook, na yi wa matan guruf sallama da godiya, amma sun ce kar in fita, suna da tambayoyin saƙa. Na zauna. Da safen nan matar Jos ta turo hoton rigunan sanyi goma sha biyu, kore da fari, ta ce allura ɗaya na maƙalewa a gefen hagu. Na ce ta zaro ƙarfen soson ta duba ko ya shiga a juye. Haka ne kuwa, ta gyara, ya tafi daidai.

Maƙwabciyata ta nan ta aiko 'yarta da zane a yi mata kalmasa, tana tambaya ko ina koyarwa. Na ce ta zo ranar Litinin bayan la'asar, da allurarta.